Littattafan da sojoji suka rubuta kan yaƙi: ina ake samunsu, kuma wanne ne bugun asali?

Ɗan_Kanta
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu tara tsofaffin littattafai. Ƙasar nan tamu, tun daga Zuru har Ƙaura Namoda, ta ba da soja ba kaɗan ba a yaƙin Burma da yaƙin basasa. To waɗanne littattafai ne mutum zai nema in yana son jin labarin daga bakin waɗanda suka je? Ba na masanin da ya zo daga baya ya yi bincike nake nufi ba, na wanda ya taka filin da ƙafarsa. Sannan ta yaya mai saye zai bambance bugun asali da na 'yan kwafi?

Malam_Gwandu
Wa alaikumus salam. Fara da na gida: Labarin Maimaina na Jega, Sarkin Askira, wanda NORLA, hukumar wallafa littattafai ta Arewa, ta buga a Zariya a 1958, da Hausa. Maimaina haifaffen Jega ne, ya yi wa hafsoshin Turawa tafinta, ya bi rundunarsu zuwa Borno a farkon ƙarni na 20, daga baya ya zama Sarkin Askira. Bugun Hausan ya yi wuya ƙwarai, don NORLA ba ta daɗe ba aka rufe ta. Mai sauƙin samu shi ne fassarar Ingilishi da Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar a 1971 a maɗaba'ar Jami'ar Yale, mai suna West African Travels and Adventures. A ciki an haɗa shi da labarin Dorugu, Bahaushen da ya je Turai a ƙarni na 19.

Bazamfare_01
Allah gafarta Malam, tafinta ai ba soja ba ne. Mai tambaya cewa ya yi wanda ya je fagen fama.

Malam_Gwandu
Ya je mana, sai dai ba bindiga aka ɗauke shi ya riƙe ba. Kuma ga mai neman labari, tafinta ya fi kurtu amfani ta wani gefen. Kurtu abin da ke gabansa kawai yake gani. Tafinta shi ke tsaye tsakanin Bature da sarki, ya ji abin da aka faɗa, ya ji wanda aka ƙi faɗa. In aka cire irinsu daga lissafi, abin da zai rage da Hausa bai taka kara ya karya ba.

Uwar_Laburare
Na yaƙin Burma, wanda ƙaramin soja ɗan Najeriya ya rubuta da kansa kuma ya shahara shi ne na Isaac Fadoyebo, A Stroke of Unbelievable Luck. Mutumin Emure-Ile ne kusa da Owo, ma'aikacin jinya a Runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma. Japanawa suka auka musu a bakin kogin Kaladan cikin Maris 1944, aka ji masa mummunan rauni a ƙafa, shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, wani magidanci Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su watanni har aka cece su.

Yadda littafin ya fito ma abin lura ne ga masu tarawa. A 1989 sashen Afirka na BBC ya nemi tsofaffin sojoji su aiko da labarinsu, shi ne ya aika da nasa rubutun. David Killingray ya gyara, aka buga a 1999 a sashen nazarin Afirka na Jami'ar Wisconsin a Amurka. Bugun jami'a ne, siriri, ba irin wanda ke shiga kasuwa ba, shi ya sa samunsa ke wuya duk da ba tsoho ba ne. Wanda aka fi gani shi ne Another Man's War na Barnaby Phillips, 2014. Wannan ɗan jarida ne ya rubuta a kan Fadoyebo. A raba su biyu, kada mai shago ya ba ka wannan a madadin wancan.

Na_Zuru
Kafin kowa ya kashe kuɗinsa, ya fara sanin bataliyar da tsohonsa ya yi aiki. Nan ne mutane ke asara. Sai a ji an ce "kakana ya je Burma", a ruga a sayi War Bush na John Hamilton na 2001, a karanta daga bango zuwa bango ba a ga ko sunan bataliyarsa ba. Dalili kuwa, littafin kan Runduna ta 81 ne, kuma a fafatawar Kaladan bataliya ɗaya ce ta Najeriya cikin sojan ƙasanta, ta 4. Sauran na Gold Coast ne da Gambiya da Saliyo.

Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 an cire su an haɗa da Chindit, dakaru na musamman waɗanda aka sauke ta jirgin sama bayan layin Japanawa a 1944. Mai neman labarinsu ya nemi Chindit Column na Charles Carfrae, 1985, shi da ta 7 ya yi aiki, ko The March Out na James Shaw, 1953, shi kuma ta 12. Ta 1 da ta 2 da ta 3, da ta 5 da ta 9 da ta 10, waɗannan suna Runduna ta 82, wadda ta shiga Arakan daga baya, aka kama Myohaung cikin Janairun 1945.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa in takarda ta ɓace: a duba bajon kafaɗa a tsohon hoto. Baƙin gizo-gizo na 81 ne. Mashi biyu a gicciye bisa gammo na 82 ne.

Ɗiyar_Yauri
Ikon Allah. Ashe barikin Myohaung na Legas daga nan sunan ya fito.

Na_Zuru
Ƙwarai kuwa. Haka Dodan da Tamandu a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Mogadishu kuma daga yaƙin Gabashin Afirka ne, birged ɗin Najeriya na cikin waɗanda suka shiga garin a Fabrairun 1941.

Na_Kwatarkwashi
Kun tsallake kun tai Burma kun baro na ƙofar gida. Nan yankin Kwatarkwashi anka gwabza cikin Fabrairun 1903, tsakanin dakarun Kano da ke tare da Waziri Ahmadu da sojan doki na Turawa ƙarƙashin Laftana Wallace Wright. Nan Waziri ya rasu, shi ko Wright anka ba shi Victoria Cross, babbar lambar jarunta ta Ingila. Daga nan runduna ta bi ta Ƙaura ta nufi Sakkwato, anka yi faɗan Giginya ran 15 ga Maris.

Hafsan da ya rubuta kan zamanin ga kuma ya yi suna shi ne F. P. Crozier, Five Years Hard, 1932. Amma a karanta shi da taka-tsantsan. Shekara 29 tsakanin abin da ya faru da fitowar littahin, kuma mutum ne mai son ya burge mai karatu. Duk abin da ya ce kan rana ko adadi, a gwada shi da rahoton gwamnati na shekarar. Amfaninshi na wurin da rahoton hukuma ke yin shiru: yadda anka bi da waɗanda sunka ji rauni, da ganima, da zaman bariki. Akwai kuma Barrack and Bush in Northern Nigeria na H. C. Hall, 1923, shi ba ya da zafin baki kamar Crozier.

Bazamfare_01
To ka ji. Duk waɗanda kuke lissafowa Turawa ne. Mu tara littattafan waɗanda suka ci ƙasarmu da yaƙi mu jera a kanta muna alfahari?

Malam_Gwandu
Ba alfahari ba ne, shaida ce. Alƙali ma yana sauraron wanda ake ƙara. Kuma su ne suka rubuta sunayen samanja da saje da kofur na ƙasar nan, wani lokaci har da garinsu. Dubi With the Nigerians in German East Africa na Kyaftin W. D. Downes, 1919, kan sojojinmu da aka kai Gabashin Afirka, har da kazamin faɗan Mahiwa na Oktoban 1917. Ka karanta, ka tsince sunayen, ka zubar da girman kan.

Abin da ake kiyayewa shi ne rubutun suna. Bature yana rubuta abin da kunnensa ya ji. Argungu, Gwandu, Jega, Birnin Kebbi, kowanne ana samunsa da rubutu iri biyu ko uku, Gwandu sau da yawa Gando za ka gani. Kuma a zamanin soja kan ɗauki sunan gari ko ƙabila a matsayin suna na biyu, ba lallai ne garin haihuwarsa ba, wani inda aka ɗauke shi aiki ne. Don haka kada a ga "Garba Sokoto" a ce lallai Basakkwace ne.

Mai_Shago_BK
Bari in amsa rabin tambayar na biyu, maganar asali da kwafi, tunda an bar ta a baya.

Abu na farko, juya bayan shafin suna. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, sai wajen 1970 ta fara, bakod kuma bayan nan. Littafin da aka ce na 1919 ne ko 1932 amma yana ɗauke da ɗayansu, sabon bugu ne, magana ta ƙare. Ba laifi ba ne, Naval & Military Press a Ingila suna sake buga irin waɗannan kuma suna faɗa a fili. Laifin shi ne a sayar maka da shi a kuɗin na asali.

Na biyu, jerin hotuna da taswirori da ke gaban littafi. Ka zauna da shi ka ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Taswira mai naɗi da ake liƙawa a ƙarshe ita ce ta farko da ke ɓacewa, ko dai ta yage a kan naɗin ko wani ya cire ta. In ka ga ɗan siririn saura na takarda a gindin ɗauri, an yanke wani abu a nan. Littafin yaƙi da ba taswira darajarsa ta faɗi sosai, kuma karatunsa wahala.

Na uku, hotunan kansu. A tsohon bugu akan buga su a takarda dabam mai sheƙi, a saka tsakanin shafuka. A kwafi suna kan takarda ɗaya da rubutu, fuskoki sun zama baƙi ƙirin, ba ka rabe ido da hanci.

Sai kwafin da ake haɗawa daga hoton da aka sauke a intanet. Alamarsa: inuwa baƙa a gefen ɗauri, layin rubutu ya ɗan karkace, wani lokaci har hatimin laburaren da aka ɗauki hoton ya fito a bugun, ko ɗan yatsan mai ɗauka. Taswira mai naɗi kuma a naɗe ake ɗaukarta, sai ka samu kwata ɗinta kawai.

In daga waje za ka yi oda, ka nemi hoton shafin suna da bayansa da gadon bayan littafin da taswira a buɗe kafin ka biya. Kuɗin aikowa kan kai kuɗin littafin ko ya fi, don haka gara mutum uku ko huɗu su haɗa oda ɗaya.

Ɗan_Kanta
Madalla, Allah ya saka. Rigar takarda da ake sa wa bango fa, dole ce?

Mai_Shago_BK
Ga mai karatu ba dole ba. Ga mai tarawa, littafi irin na Shaw ko Carfrae da rigarsa ya fi wanda ba shi da ita tsada nesa ba kusa ba. In ta yage kada ka gyara da salatif, ka bar ta yadda take.

Uwar_Laburare
Akwai abin da Alhaji Mai Shago bai taɓo ba. Da yawa daga tsofaffin littattafan da ke yawo a hannun masu shimfiɗa a bakin titi suna da hatimin laburaren makaranta ko na gwamnati. In laburare ya fitar da littafi bisa ƙa'ida, akan buga masa hatimi na biyu mai nuna an cire shi daga rajista. In babu wannan, ga kuma alamar an kankare lamba a gadon baya ko an yage shafin da aljihun kati yake, to fita da shi aka yi. Masu saye su ke raya wannan sana'a.

Mai_Shago_BK
Hajiya, gaskiya ne, amma a faɗi ɗaya gefen. Wani ɗakin karatun rufinsa na yoyo, gara ta gama da rabin kanta. Littafin da ya fita shi ya tsira. Wanda ya ƙi saye, gobe mai ƙosai ce za ta naɗe da shi.

Uwar_Laburare
To a saya, a ɗauki hotonsa, a mayar inda hatimi ya nuna in wurin na nan da rai. Tsira dabam, mallaka dabam.

Bazamfare_01
Wannan shari'a ba za ta ƙare yau ba. A koma kan yaƙin basasa, wanda tsofaffinsa na nan muna gaisawa da su a masallaci.

Sajen_Takarda
Na basasa suna da yawa, matsalarsu dabam ce: kusan kowanne martani ne ga wani. Ba a karanta ɗaya shi kaɗai. My Command na Obasanjo ya fito a 1980. Godwin Alabi-Isama, wanda ya yi babban hafsa a runduna ta 3 ta Marine Commando tun zamanin Adekunle, kwamandan da ya riƙe ta kafin Obasanjo, ya fitar da The Tragedy of Victory a 2013, kuma babban ɓangarensa musanta abin da ke cikin na farkon ne, da hotuna masu yawa. A ajiye su gefe da gefe.

Haka na juyin mulkin Janairun 1966. Why We Struck na Ademoyega da Nigeria's Five Majors na Ben Gbulie duk 1981 ne, mutanen da ke cikin shirin ne suka rubuta. A 1982 aka samu amsa daga Arewa: Revolution in Nigeria: Another View na Joe Garba, da ɗan littafin A. M. Mainasara da Hudahuda ta buga a Zariya. Ta ɓangaren Biyafara, na Alexander Madiebo na 1980 shi ya fi bayanin yadda aka tsara faɗa, don shi ne kwamandan sojan ƙasansu. Mai son jin Onica da Abagana daga ɗaya gefen ya haɗa da Requiem Biafra na Achuzia, 1986, amma shi ma mai yabon kansa ne.

Giɓin da ke akwai a bayyane yake. Runduna ta 1 ta Mohammed Shuwa da ta 2 ta Murtala, inda 'yan Arewa suka fi yawa, ba su samu marubuta kamar ta 3 ba. Abin da ya ɗan cike shi ne babban kundin da Manjo Janar H. B. Momoh ya shirya a 2000, mai ɗauke da hirarraki da waɗanda suka yi yaƙin.

Na_Zuru
A ƙara da Vindication of a General na Ishaya Bamaiyi, 2017, tunda mai tambaya ɗan jiha yake nema. Janar ne daga ƙasar Zuru, ya riƙe shugabancin sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Sai dai nauyin littafin na kan siyasar soja ta zamanin Abacha da shari'ar da ya sha, ba fagen daga ba.

Mai_Ɗauri_Gusau
Bugun gida na shekarun 1980 da Saje ya lissafo su suka fi zuwa hannun masu ɗauri a wargaje. Takardar mai tsami ce, tana yin ja tana karyewa, kuma ba ɗinki aka yi ba, gam aka shafa a baya. Hunturu na busar da gam, ka buɗe littafi ɗai-ɗai ka ji ƙas, ya rabe biyu. Kada a buɗe irinsu a shimfiɗe. A tallafe bangon da matashi ko wani littafin ta yadda zai buɗe rabi.

Abubuwa uku da ke kashe takarda da sunan gyara: salatif, gam mai ƙarfi na kafinta, da laminatin. Salatif bayan 'yan shekaru ledar ta faɗi, man ya shige cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Laminatin da zafi ake yi kuma ba a warware shi. Littafin sallama ko wasiƙar soja da aka yi wa laminatin an gama da ita.

Abin liƙi na gaskiya sitacin alkama ne. A kwaɓa fulawa ta yi tauri, a wanke ta cikin ruwa ana matsawa har farin ya fita, a bar ruwan ya kwanta, a tsiyaye. Farin da ya zauna a ƙasa shi ne sitaci. Awo ɗaya nasa, awo biyar na ruwa, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa kamar minti 20 har ya yi sheƙi, a huce, a tace da ƙyalle. A shafa siriri a kan 'yar takarda marar nauyi, a ɗora bisa yagewar, a sa takarda mai shan ruwa sama da ƙasa, a danne da nauyi har ya bushe. In ya yi kauri shafin zai tattare. Kwana biyu zuwa uku yake yi ya lalace, don haka kaɗan ake damawa.

Ɗiyar_Yauri
Mu nan bakin ruwa damuwarmu danshi ne da ƙwari. Ana fesa maganin sauro a kanta?

Mai_Ɗauri_Gusau
A'a ƙanwata, kada a fesa komai a jikin takarda, balle fiya-fiya. Akwai mai a ciki, yana tabo, kuma mai karatu zai shaƙa. In kin ga ƙananan huji da gari-gari na zuba daga gadon baya, ƙwaro na ciki. A sa littafin a leda mai kauri, a matse iska, a ɗaure, a ƙara leda ta biyu. A sa a firiza mai sanyin 18 ƙasa da sifiri, kwana 7 ba yankewa. Sharaɗin ke nan, ba yankewa. In wuta na zuwa tana ɗaukewa, littafin zai yi ta narkewa yana daskarewa, ya jiƙe, ƙwan kuma bai mutu ba. Sai a nemi mai firizar sola. In an fitar, kada a kwance ledar sai bayan awa 24, don raɓar ta taru a bayan leda ba a kan takarda ba. Littafin da ke da danshi ba a sa shi haka, sai ya bushe tukuna.

Fumfuna kuma cikin Agusta take kamawa, in danshin ɗaki ya wuce kashi 65 cikin ɗari. A jingine littafin a tsaye a buɗe, a inuwa, fanka na kaɗawa. Ba a shanya shi a rana, bango zai lanƙwashe. In ta bushe a share da burushi mai laushi a waje, da takunkumi a hanci.

Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako saboda gara. Tazarar taƙi ɗaya daga ƙasa, tafin hannu daga bango. Kafur ko busasshen ganyen dogon yaro a ƙulle a ƙyalle a ajiye a kusurwa, kada ya taɓa takarda. Akwatin ƙarfe yana hana ɓera, amma in aka rufe shi da damina da danshi a ciki ya zama tukunya, ga tsatsa. A riƙa buɗewa ana dubawa duk wata.

Malam_Gwandu
Tunda an ambaci akwatin ƙarfe, nan nake son a tsaya. Abin da ya fi kowane bugu wuyar samu yana cikin akwatunan gidajenmu: littafin biya na soja, takardar sallama, wasiƙu, da ɗan littafin aljihu da wani ya rubuta da ajami. Wannan kwafi ɗaya ne a duniya.

In aka samu warƙoƙin ajami a warwatse, kada a yi saurin jera su. A fara sa lamba da fensir a kusurwa bisa yadda aka same su, a ɗauki hoto, sannan a jera. Marubutan da suka yi karatun allo sukan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabata, da ita ake bin sawu. A cire duk wani fin ko ƙusa mai tsatsa. Sunayen wurare su ke ba da wahala, don Bahaushe ya rubuta sunan Burma ko na Indiya yadda ya ji a bakin Bature. Sai an ɗauko taswirar ɗaya daga littattafan da aka ambata a sama ana gwadawa. Ka ga amfanin littafin Baturen ke nan, Bazamfare.

Bazamfare_01
Na ji, ranka ya daɗe, amma ban sauka ba. A matsayin ma'auni na yarda. Lambobin yabo fa? Ana iya gane mai su daga jikinsu?

Sajen_Takarda
Ya danganta. Na yaƙin 1914 zuwa 1918 an buga lamba da suna da runduna a gefe ko a baya. Na yaƙin duniya na biyu irin Burma Star da 1939–45 Star, Ingila ta raba su ba suna. Don haka tauraro shi kaɗai ba ya tabbatar da komai, ana sayar da su a kasuwa. Na jarunta kamar Military Medal su ne ke da suna. Kada a goge su da toka ko man goge ƙarfe, kada kuma a raba su da takardunsu. Magada kan raba, wannan ya ɗauki lamba, wancan ya ɗauki littafin sallama, shi ke nan an kashe shaidar.

Lambar soja ita ce mabuɗi. Da ita ake bincika rajistar Commonwealth War Graves Commission, hukumar kula da kaburburan sojan yaƙin duniya, a intanet kyauta, in mutum bai dawo ba. Waɗanda ba a ga gawarsu a Burma ba sunayensu na jikin Rangoon Memorial a maƙabartar Taukkyan, suna kusan 27,000. Kundin da kowace bataliya ke rubutawa kullum yana ma'adanar Kew a Landan, na Burma a jerin WO 172, na yaƙin farko a WO 95, takardun neman a ba soja lambar jarunta a WO 373. Kundin bataliya ba kasafai yake ambaton ƙaramin soja da suna ba, amma zai gaya maka inda kamfaninsa yake a rana kaza.

Uwar_Laburare
Na gida kuma, ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin Lardin Sakkwato, a ƙarƙashin SOKPROF. A tuna Zuru ba kullum take ƙarƙashin Sakkwato ba a zamanin Turawa, don haka mai neman nata ya duba har na Kwantagora da Neja. Sai Arewa House, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, su ma a duba, don ita ta riƙa kawo wa mutanenmu labarin yaƙin da Hausa.

Na_Kwatarkwashi
Ku dai ku hanzarta ga masu rai. Wanda ya shiga soja 1967 yana ɗan 18, yanzu ya haura 75. Ofishin Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin soja, na jiha ko na ƙaramar hukuma nan a ka samun su, musamman gab da 15 ga Janairu, ranar tunawa da soja. A nemi izni tukuna, a gaya mai inda maganar za ta. Waya a kashe mata layi, a kashe fanka, a aje ta kusa da bakinshi. Kar a wuce minti 45 zama guda. Tambayar farko ba "ba mu labarin yaƙi" ba ce, wannan jawabin da ya saba yi za ya maimaita. A fara da lambarshi, inda anka ɗauke shi, inda ya yi horo, bataliya, kamfani, sunan kwamanda, motar da ta kai su, abin da sunka ci. Daga nan sauran ke fitowa da kansu. In ya yi shiru a bar shi, kar a cike mai. Kuma a rubuta yadda ya faɗa, kar a gyara mai Hausa.

Na_Zuru
In tsohon ya fi sakewa da C'lela ko wani harshen, a bar shi ya yi da shi, a fassara daga baya a ajiye duka biyun.

Ɗan_Kanta
Na gode ƙwarai jama'a. Tambaya ta ƙarshe ga Malam Mai Ɗauri: ɗaukar hoton littafin da ba ya buɗuwa sosai fa, kamar na Maimaina in Allah ya sa an samu?

Mai_Ɗauri_Gusau
Kada a kifa shi a kan injin fotokwafi, nan gadon baya ke karyewa. A buɗe shi rabi, gefe ɗaya a kwance ɗaya a jingine, a ɗauki duk shafukan dama tukuna, a juya a ɗauki na hagu, a haɗa a kwamfuta. Hasken taga da safe, ba filasha. Waya a kafe take a kan wani abu, ba a hannu ba. A haɗa da bango gaba da baya da shafukan da ba rubutu, a sa rula a gefe a hoton farko don a san girmansa.

Mai_Shago_BK
Kuma duk wanda ya ci karo da bugun NORLA ɗin, ko ba bango, ya turo hoton shafin farko nan zaure kafin ya yi ciniki.

Bazamfare_01
Har yanzu dai ba a kawo mini kurtu ɗan Zamfara da ya rubuta nasa ba. Na Zuru, bataliya ta 4 da ka ce, bayan War Bush akwai wanda ya yi aiki a cikinta ya rubuta?